Launin Dabinon Zighan

Alhamis da dare, unguwar Mahdiya

Hannuwana sun rine rawaya, kuma ba na gaggawar wanke su.

Shekaranjiya amaryar da za mu ƙawata wa zauren biki ta zo shago da ɗanyen dabino ƙwaya ɗaya, daga itacen marigayi babanta a garin Zighan. Ta ce launin nan take so a furanninta. Mu kuwa furannin yadi ja da fari kawai gare mu. Har ta juya za ta tafi, na ce wa mai shago ya ba ni kwana biyu.

Ni da suka ɗauka ɗaukar kujeru kaɗai na iya! Ba su san a gidan marina na tashi a Damagaram ba. Gangamau na dafa da shayi mai kauri, na tsoma fararen. Tukunyar farko kamar miyar kabewa ta fito, raina ya ɓaci. Ta huɗu ce ta yi daidai.

Yau uwar amarya ta ɗora dabinon cikin furannin don ta gwada. Ta juya ta amsa waya, ta dawo tana lalube, dabinon ya saje da furannin.

"Ɗana, ina na sa shi?"

Na ce, "Hajiya, nemo shi."

Sai da ta share hawaye sannan ta gan shi.