Kwamfutar ta ɗauke ana binne Baba

Baban Jael,

Na wuce aiki a asibiti. Jael tana wurin ƙawata Nanret a unguwar Bin Mahmud.

An binne Baba da safen nan. Ƙanena Ɗanladi ya kira ni ta bidiyo daga can gida Pankshin, ina kallo a kwamfutarka. Tun da ka ƙara wa furosesarta, wato ƙwaƙwalwarta, gudu da wuta saboda wasanninka, ba ta jimawa sai ta ɗau zafi. Suna ɗaga akwatin, fankarta ta hau ƙara, ta ɗauke. Kafin ta huce ta tashi, har suna zuba ƙasa.

Ban yi fushi ba. Ban ji komai a raina ba tukuna.

Don Allah mayar da ita yadda muka saye ta. Mama za ta kira ran Lahadi, ina so in ga fuskarta har ta gama magana.

Liatu