Tambulan a Gefen Goge

Nashville,
Juma'a, 12 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga matata Imogene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu mai jego, da sabon jikan nan da ya ƙwace min ke wata guda cur. Ki gaya masa akwai shari'a tsakanina da shi, ya bari haƙora su fito tukuna. Yaya sanyin Dayton, yaya kuma ciwon gwiwarki?

Za ki yi mamakin ganin sunan garin da ke saman takardar nan. Ba kya nan aka ƙulla abin, don haka bari in ɗauko shi daga tushe. Kin tuna Vernon Slone, mai ƙungiyar kiɗan da ƙanena Doyle ya yi wa goge shekara goma sha ɗaya kafin giya ta sa aka sallame shi? Ya aiko wa Doyle takarda. Mai gogensa ya tafi, yana neman wani. Ya ce Doyle ya zo gobe Asabar ya kaɗa da su daga ƙarfe biyu zuwa shida a wata mashaya da ke titin Broadway, in hannun yana nan, kujerar tasa ce.

Wata goma sha huɗu ke nan Doyle bai sa ko ɗigo a bakinsa ba, kuma kin san sharaɗin da matarsa Noreen ta gindaya kafin ta buɗe masa ƙofa. Da safen nan ta fito ta same ni a bakin mota, tana naɗe mana burodin masara a takarda, ta ce, "Yaya Carlton, ga shi nan na ba ka amana. In ka ji warin abin nan a bakinsa, kada ka tsaya a ƙofata. Ka wuce da shi gidanka, na gama." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na fi samun natsuwa.

To haka malamin tarihi, dattijon coci, wanda bai san ɗanɗanon giya ba, ya zama mai gadin mashayi. Na koyar da labarin birane da yawa da aka yi wa ƙawanya, ban tuna ko ɗaya da mai gadi irina ya cece shi ba.

A gundumarmu ba a sayar da giya, shi ya sa na manta yadda sauran duniya take. Muna ƙetare iyaka allunan talla suka fara, kwalba a dama, kwalba a hagu, kowace ta fi rumbunmu tsayi. Duk wadda muka wuce sai in saci kallonsa. A ta bakwai ya ce, "Malam, kalli hanya. Ban taɓa jin wanda ya bugu da karanta allo ba, amma na ji waɗanda suka faɗa rami."

Da muka tsaya cin wake a hanya ne ya faɗa min abin da ya hana ni cinye nawa. Ya ce, "Yaya, ka san ban taɓa kaɗa goge gaban mutane ba sai na sha? Tun ina shekara goma sha tara. Tambulan biyu, sannan in ɗaga bakan goge."

Na ce, "A coci fa?"

Ya ce, "Har a coci. Har ranar jana'izar Baba, da kuka yi ta kuka kuna cewa ban taɓa kaɗawa haka ba."

Ashe ba aikin kaɗai ya kawo shi ba, Imogene. So yake ya san ko gogen nasa ne ko na kwalbar.

Ɗazu yana wanka na buɗe akwatin gogen na lalube shi kaf ina neman kwalba. Ƙaro ne kawai da tsirkiya ta ajiya. Ban ji fitowarsa ba sai muryarsa a bayana: "Duba cikin takalmi, can nake ɓoyewa a da." Na duba kuwa. Kunya ba ta hana ni ba.

Ki sa mu cikin addu'a. Ki gaida mutanen gida.

Mijinki,
Carlton


Nashville,
Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Imogene tawa,

Ina fatan kin tashi lafiya, da ku duka. Wannan gajeriya ce, nan da rabin awa za mu fita, kuma hannuna yana son abin yi.

Mun karya kumallo da Vernon. Ya ƙara ƙiba, ya ƙara faɗin hula, rigarsa kuwa an yi mata aikin ƙyalƙyali har ana iya aski a jikinta. Ya rungume Doyle ya ɗaga shi sama, ya ce, "Ɗan banza, ka rame. Me suke ba ka a ƙauyenku na kan dutse, addu'a?" Ni kuma ya kira ni Malam, ya tambaye ni ko har yanzu Rumawa suna nan inda na bar su.

Bai san Doyle ya daina ba. Na so in gaya masa, tun a masauki Doyle ya hana ni. Ya ce, "In ka faɗa masa ka gama da ni. A garin nan makaɗin da ya daina sha kamar wanda ya fito daga jinya ne. Kowa zai yi maka murmushi, ya yi tafiya a hankali kusa da kai, sannan ba wanda zai sake kiranka." Ya sa na yi alkawari, na yi.

Saboda haka ina zaune kamar gunki Vernon yana cewa, "Tsofaffin nan duk sun ji ka dawo, za su cika wurin. Ka san al'ada, ba za su bar maƙogwaronka ya bushe ba." Al'adar kuwa kin san ta: wanda kiɗa ya yi masa daɗi, ko yake son makaɗin, ya sa a kai masa tambulan har kan dandamali. Makaɗin ya ɗaga shi sama, jama'a su yi tafi, ya shanye a gabansu. Mayar da shi cin fuska ne.

Doyle ya yi dariya yadda ya kamata. Amma da ya ɗauki gahawarsa sai da ta zuba a kan faranti, ya ajiye bai sha ba.

Na yi dabara. Zan zauna a teburin da ke daf da dandamali, inda dole mai kai abin sha ta bi ta gefena. Duk tambulan da ya taso zan tare shi, in ce likita ya hana, ko in ce nawa ne, ko in ture shi ya zube in ba da haƙuri. Tsoho mai tabarau ba a riƙe shi da laifin ture kofi.

Yanzu yana zaune a bakin gado yana saita tsirkiya ɗaya. Minti ashirin ke nan, tsirkiya ɗaya.

Naki,
Carlton


Nashville,
Lahadi da safe

Matata Imogene,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Mu lafiyarmu ƙalau. Na san halinki, za ki tsallaka zuwa ƙarshen takardar ki ga yadda ta kaya. Ki daure ki bi ta a jere, don abin da nake son ki sani a tsakiya yake.

Wurin duhu ne ko da rana tsaka, ga hayaƙin taba, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido da sababbin huluna da ba su san inda za su ajiye su ba. A gaba kuma tsofaffin da Vernon ya faɗa, sun kai goma sha biyar. Na sami teburina kamar yadda na tsara. Da aka kira sunan Doyle suka miƙe tsaye.

Waƙar farko mai sauri ce, wadda yake kaɗawa tun yana yaro ko da ido rufe. Da aka zo inda zai shiga shi kaɗai, bakan ya yi rawa a kan tsirkiya, ya ba da ƙara irin ta ƙyauren da ya yi tsatsa. Ya gyara, ya sake zamewa. A ta biyu ya makara shiga, mai jita ya rufa masa. A ta uku na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa zuwa kan gogen. Tafin ya ragu, irin ragowar da ake yi don kara.

Vernon ya matso bakin lasifika ya ce, "Jama'a ku yi masa uzuri, shekara shida yana kaɗa wa kaji, su kuma ba sa ƙorafi." Aka yi dariya. Doyle ma ya yi, ko dai bakinsa ya yi.

Ke ba ki san shi yana shekara goma sha biyu ba. Ni na san shi. Na ga ranar da ya kaɗa a barandar gidanmu, Baba, wanda bai taɓa yabon kowa ba har ya mutu, ya cire lofe daga bakinsa ya manta da shi a hannu har wutar lofen ta mutu. Ni na karanta littattafai, shi aka ba baiwa, kuma ban taɓa jin haushin rabon ba. Duk inda na je ni yayan Doyle Begley ne. Jiya ina zaune taku uku daga gare shi ana masa tafin tausayi.

Sai wani tsoho mai suna Hoyt, wanda ya tuƙa musu mota shekara da shekaru, ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Ku kai wa yaron nan maganinsa, mu ji goge." Wurin ya ɗauka. Na ga matar da ke kai abin sha ta taso da tire, ƙaramin tambulan na wiski a tsakiya. Hanyar tsakanin kujerata da bango ƙunci ce, ba za ta wuce ba sai na ba ta wuri. Ba sai na yi ƙarya ba, ba sai na ture komai ba. Zama kawai ya isa.

Imogene, na janye kujerata na ba ta hanya.

Ba mantuwa ba ce, ba kuma ladabi ba. Na so ya sha. Na ce a raina tambulan ɗaya ne, ya sha ya nuna musu ko shi waye, sauran mu gyara a hanya, in saya masa alewar na'a-na'a, in yi wa Noreen rantsuwa. Duk wannan na tsara shi kafin matar ta kai dandamali. Ashe kwanyar da ta yi karatu ta fi saurin shirya ƙarya.

Ta miƙa masa, ya karɓa. Suna tafi a tare, ɗaya bayan ɗaya, kamar masu daka. Ya dube ni. Ni kuma na dubi teburi.

Na ji ya ce cikin lasifika, "Hoyt, tsohon ɓarawo, na gode." Na ɗago na ga ya ɗaga tambulan sama yadda ake yi. Ya kawo shi daidai ƙirjinsa ya tsaya, tsayuwar da ban san tsawonta ba. Sannan ya ce, "Amma a gidanmu ƙane ba ya sha gaban yayansa. Ga Malam nan, tun daga Kentucky ya tuƙo ni, kuma yau ya fi ni bukata." Ya sunkuyo ya ajiye shi a gabana.

Aka fashe da dariya, Hoyt ya fi kowa. An girmama kyauta, an girmama babba, ba wanda aka ci wa fuska. Ni kaɗai na san abin da aka ce min.

Awa uku da rabi tambulan nan yana gabana, warinsa yana shiga hancina. Wasu biyu suka biyo baya, duk ya turo min su, har aka fara kirana Malam mai ƙishirwa. Shi kuma ya ci gaba da kaɗawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, bai yi kyau ba. Wajen ƙarfe biyar hannun ya ɗan lafa, akwai wata waƙa mai sanyi da ya kai rabinta daidai, har na ga Vernon ya juyo ya dube shi. Daga nan ta sake kuɓuce masa. Amma bai sauka ba sai shida.

Vernon ya raka mu har mota. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ba, ya ce, "Doyle, hannun yana nan, barci yake. Ni kuma Alhamis zan hau hanya, ba zan iya jira ya farka ba." Doyle ya ce, "Na sani, ni ma da kunne na zo."

Muka koma masauki muka kwanta. Da safen nan ya ci ƙwai uku da nasa burodin da rabin nawa. Yana goge faranti ya ce, "Na ga ka janye kujera."

Na ajiye cokalina.

Ya ce, "Kusan shekara talatin ina kaɗawa, jiya ne na fara jin kaina. Ashe haka nake. Ba daɗi, amma ni ne." Sannan ya ce, "Me za ka gaya wa Noreen?"

Na ce zan gaya mata bai sha ba.

Ya ce, "To ka tsaya a nan, gaskiya ce, kuma ita ce tata. Sauran ka kai wa Imogene, ita ta saba da kai."

Ga shi na kawo miki. Kada ki yi saurin ba ni amsa mai sanyaya rai, na san kin iya, kuma ban cancanta ba tukuna. Ki sumbaci jikan a madadina.

Zan tsaya nan, yana waje yana danna ƙaho. Ya karɓi makullin motar tun a teburi. Ya ce shi zai tuƙa mu gida, wai bai yarda da hannuna ba.

Mijinki,
Carlton