Ni Na Kashe Laftof Ɗin Yayana, Matarsa Aka Kora

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni.

A gidan yayana nake a Funtuwa, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Yana da laftof da yake rubuta aikinsa na kammala digiri a cikinta, shekara guda yana fama. Lokacin casar masara ƙura da ƙaiƙayi suka cika ta, fankar ciki tana kuka, ƙasanta zafi kamar dutsen guga. Ni da iya yi, da ya tafi Malumfashi sai na ɗauke ta na kai wa mai faci a bakin titi, na ce ya busa mata iskar taya. Wane tsautsayi ya kai ni? Ƙura ta fita kam, amma ashe iskar da ruwa-ruwa. Na kunna, shiru. Na mayar da ita ɗakinsa, na ja bakina.

Da ya dawo ya ga alamar ruwa, sai ya hau matarsa da faɗa, wai ita ta zuba garin goge-goge. Anti, matar tasa, tana kuka tana cewa, "Wallahi ban taɓa ta ba, ka tambayi ƙaninka." Na sunkuyar da kai na ce ban san komai ba. Matar da ke ajiye min tuwo ko yaushe na shigo! Washegari ya ce ta je gidansu a Tsiga ta huta. Sati uku ke nan.

Jiya na kasa jurewa, na durƙusa na gaya masa gaskiya. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Ai mai facin ya faɗa min tun ranar da na dawo. Dama na gaji da ita, dalili nake nema. Ka rufa min asiri yadda na rufa maka."

Jama'a, raina ya ɓaci, zuciyata ta karye. Ina ta cin kaina, ashe da tsorona ya yi amfani ya kori baiwar Allah. Wannan ne mutumin da nake ɗauka uba?

Ɗazu Anti ta kira ni, ba ta ce komai kan laftof ba. Tambayata ta yi ko na ci abinci.

Idan na faɗa mata, na rasa yayana. Idan na yi shiru, har abada ita ce mai laifi a idon dangi. Me zan yi?