Filashin Direban Maraɗi

Daren Lahadi, Jibiya

Yau wani direban Maraɗi ya kawo filashi shagonmu na kwamfuta in buga mashi takardun kaya. Kamar kullum, a kwamfutar gwaji da na kafa cikin babbar kwamfuta na buɗe shi. Ashe akwai bairos, ƙwayar cutar kwamfuta. Ya kama ƙaramar manhajar da ke karanta filashi, amma nan ya maƙale, don kowace manhaja mai taya aiki a killace take, ba ta leƙa 'yar'uwarta. Ba abin da ya taɓa takardun 'yan kasuwa.

Jiya Yaya Sani, mai shagon, ya ce, "Cire shingen nan, yana jinkirta mamu aiki." Na ce to. Mantuwa ce ta hana ni, ba wayo ba. Da yake yaba mani ɗazu kan shingen, ban faɗa mashi haka ba.