Motar Baba Ta Bi Fa'iza Ohio

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya maigidan da yara? Ya ƙafar Goggo? Mu nan Parkchester a New York lafiya lau, ban da zuciyata.

Autarmu Fa'iza ta samu jami'a a jihar Ohio, sai Baba ya ba ta motar gidan nan. Motar da nake fita cikin sanyi in sauya mata wuri duk ranar sharar titi, kada a ci mu tara! Ni fa na koya wa yarinyar nan tuƙi.

Na ce wa Baba wanda ya koma wata jiha dole ya sake lasisi da rajista, gara a bar motar a hannuna. Ya ce in raka ta ofishin lasisi mu tambaya. Ma'aikaciyar ta ce ɗaliba ba ƙaura ta yi ba, ta tafi da lasisinta da lambar mota ta New York. Fa'iza har godiya ta yi min, wai na damu da ita.

Ki sa ni a addu'a, abin ya tsaya min a rai. Ki gaida kowa. In kin kira Baba, ki tuna masa ni ma nasa ne.

Ƙaninki,
Nura