Maigidana Ne Ya Sa Aka Cire Hanjin Salansar Motona

Hajiya Balkisu, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ba ni da wanda zan faɗa wa a garin nan ba tare da an yi mani dariya ba. An ma riga an yi.

Ni ma'aikaciyar sarwis ɗin kiwo ce a Dakoro. Aikina duba dabbobi ranar kasuwa da yi masu allura a ƙauyukan da ke kusa. Shekarata sha ɗaya da aure, 'ya'yana uku. Maigidana, baban Ramla, tela ne, shagonsa yana bakin hanya kusa da unguwarmu. Bara na sayi ƙaramin moto, wato babur irin na mata, mai wurin aza ƙafa a gaba, don na gaji da jiran kabu-kabu da akwatin magani a hannu. Lafiya lau yake tafiya, har sai na tsaya a ƙofar gida kafin yara su san na iso.

Wata uku da suka wuce na tashe shi da safe, sai ya yi wata irin ƙara kamar injin niƙa. Kajin maƙwabta suka watse. In na saki hannu a gangara kuma sai ya dinga fat-fat kamar ana harbi. Na gaya wa baban Ramla, ya ce ai haka ƙarfe yake idan ya fara tsufa, in kai wa Ɗangoggo, makanikin da ya saba yi mana gyara, abokinsa tun suna yara. Na kai. Ɗangoggo ya ɗaure kusoshin da ke riƙe da salansar, ya ce shi ke nan. Babu abin da ya canza. Na koma, ya ce zoben da ke tsakanin salansa da inji ne ya ƙone, ya sa sabo. Ƙara tana nan. Zuwa na uku ko durƙusawa bai yi ba, yana shan shayi ya ce mani, "Madam, ki yi haƙuri da shi haka nan, ai mai ƙara ya fi lafiya a hanya." Yaransa na garaji kowa ya sunkuyar da kai. A lokacin na ɗauka kunyata suke ji.

Hajiya, ki duba aikina. Mutum ce ni da ke shiga cikin garke. Na je wata rijiya wajen Birnin Lalle, tun ban ƙarasa ba tumaki suka fashe, makiyaya suka kwashe rabin yini suna tattarawa, ranar ko allura ɗaya ban yi ba. Wata dattijuwa a wurin, Lalla, wadda kullum take ajiye mani nono, ta ce in ba zan zo a ƙafa ba in daina zuwa. A kasuwar dabbobi kuwa wani bijimi ya firgita ya fizge igiya, ya tunkuɗe wani tsohon dillali ya faɗi a kan kafaɗa. Har yau ba ya iya ɗaga hannun sosai. Na je gaishe shi, ya ce ya yafe, ni kuwa na fito ina kuka. Shef ɗinmu, wato shugabanmu na aiki, ya kira ni ofis ya ce ko in gyara abin hawan ko a mayar da ni zaman tebur. Na shiga kashe moton tun daga nesa ina tura shi cikin rairayi da rana tsaka, ga akwati, ga hijabi ya jiƙe da zufa.

Da na gaji sai na ce bari in duba da kaina. Mai gane ciwon da ke cikin saniya ba za ta kasa duba bututu ba. Na bar injin ya huce, na bi salansar da yatsa tun daga sama ina neman baƙin hayaƙi ko tsaga, ban samu ba. Na shafa ruwan sabulu a mahaɗa na tayar, babu kumfa. Na toshe bakinta da tsumma na ɗan lokaci, babu inda iska ke fita ta gefe. Amma da na haska fitilar waya a ciki sai na hango har can ƙarshe, fayau, kamar bututun ruwa. Kuma a ƙasanta akwai layin walda da aka shafe da baƙin fenti.

Ranar kasuwar Kornaka aiki ya kai ni can, sai na nuna wa wani makaniki da bai san ni ba. Kallo ɗaya ya yi ya ce wannan ba lalacewa ba ce, yanke ta aka yi da zarto, aka zare hanjin da ke shanye ƙara, aka mayar aka liƙe. Har ya yaba hannun wanda ya yi aikin.

Ban biya gida ba, garajin Ɗangoggo na wuce. Na ce masa ko ya faɗi gaskiya ko mu haɗu a wurin 'yan sanda. Ya ja ni gefe ya ce in rufa masa asiri, baban Ramla ne ya kawo moton wata Juma'a ina barcin rana, ya ce a yi masa yadda daga shago zai riƙa jin fitata da dawowata, da kuma ta wace hanya na bi.

Hajiya, ƙyama na ji. Ba fushi ba tukuna, ƙyama, irin wadda ake ji in an buɗe ciki aka tarar da tsutsa. Sai na tuna duk lokacin da na wuce ta gaban shagonsa 'yan fadarsa, abokan hirarsa, suna ƙyalƙyata dariya, ashe cewa suke ga agogon Jimrau nan ta wuce, Jimrau kuwa shi ne sunan da suke kiransa da shi. Duk sun sani. Na tuna ranar da na dawo daga gidan tsohon dillalin ina ba shi labari, ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da cin tuwonsa. Mutumin da nake wanke wa tufa ya sa mani ƙararrawa kamar akuyar da ba a yarda da ita ba, ya kuma zuba ido ina shan wahala wata uku.

Don kada in zalunce shi, zan faɗi wannan. Damanar bara na zame a hanyar Ɗan Gulbi, moton ya danne mani ƙafa, na daɗe a kwance babu reso a waya balle in kira wani, kafin wani mai amalanke ya tsince ni. Tun lokacin ba ya son fitata ƙauye. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa hana ni aiki ba. Amma kuma yakan tambayi da wa na tafi, ya sake tambaya.

Kwana tara ke nan ban ce masa na sani ba. Ina dafa abinci, ina ajiye masa, ba na iya kallon bakinsa in yana ci. Moton yana zaure na rufe shi da tabarma. In gyara in yi shiru? In tafi gidanmu? Ko in kai shi gaban yayansa? Kuma salansar da aka yanka tana gyaruwa kuwa?

Taki, Wadda Aka Mayar Agogo, Dakoro.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ƙyamar da kike ji tana kan hanya, kada wani ya ce maki abin wasa ne don a kan salansa ya faru. An taɓa kayanki a ɓoye, an bar ki kina yawo wurin wanda ya ɓata yana yi kamar yana gyara, aikinki ya shiga haɗari, bawan Allah ya ji ciwo. Ni ma da na karanta sai da na ajiye takardar na ɗan zagaya.

Mu fara da moton, don shi ne mai sauƙi. Na tambayi wani tsohon makaniki maƙwabcina. Ya ce binciken da kika yi daidai ne, kuma ki daina hawansa a haka, domin inji marar hanjin salansa yana yin zafi fiye da kima, wannan fat-fat ɗin ma alamarsa ce. In hanjin yana nan a garaji, mai walda na kirki zai iya mayar da shi, amma salansar da aka yanka sau biyu ba ta daɗewa, sabuwa daidai da ƙirar motonki ta fi. A sa sabon zobe, a ɗaure kusoshin bi da bi, a sake ɗaure su bayan kwana biyu. A ciro buji, wato fulogi, a duba, in bakinsa ya yi fari fat a canza. In wani ya ce zai cusa maki soson ƙarfe a ciki, ki ƙi, kwana kaɗan zai ƙone. Kada ki tayar da shi a cikin zaure a rufe, hayaƙin yana kisa. Kuma a yi aikin kina tsaye, a hannun na Kornaka ko wani. Ɗangoggo ya gama taɓa maki moto.

Sai maigidanki. Na yarda akwai tsoro a ciki. Namijin da aka kawo masa matarsa a amalanke ba ya mantawa, kuma da yawansu ba su iya cewa ina jin tsoro, sai su yi wata wauta a maimakon haka. Amma tsoro kaɗai bai bayyana komai ba. Ƙarar moto ba ta kaiwa daga Ɗan Gulbi zuwa shagonsa, cikin gari kawai take yi masa amfani, kuma mai tsoron lafiyarki ba zai bari abokansa su yi maki suna ba. Akwai zargi, ko son a ga shi ne da iko. Shi kaɗai zai faɗi wanne, kuma sai kin tambaye shi.

Shirun kwana tara ya isa. Kada ki gyara ki haɗiye, zai ruɓe a cikinki. Kada kuma ki ɗauki jaka tukuna. Ki zaɓi lokacin da yara suke lakkwal, wato makaranta, ki zaunar da shi, ki ce kin sani kuma Ɗangoggo ya faɗa. Ki lissafa masa abin da ya biyo baya ba tare da zagi ba, sannan ki yi shiru ki ji bakinsa. Ki nemi abu uku. Shi zai sayo sabuwar salansar. Shi zai je da ƙafarsa gidan tsohon dillali ya gaya masa gaskiya ya tsaya masa a kan magani, domin wannan haƙƙi yana wuyansa. Kuma shi zai kashe wannan suna a fadarsa. Ke kuma, in tsoron gaskiya ne, babu laifi ki riƙa gaya masa ƙauyen da kika nufa, ki kira in kin isa inda akwai reso. Wannan kyautatawa ce da kike yi da saninki, ta bambanta da abin da ya yi maki.

In ya musanta, ko ya mayar da abin raha, to ki kira yayansa da wani babba daga gidanku, a yi maganar a gabansu. A nan za ki gane da wa kike zaune, kuma duk abin da kika yanke bayan haka da idonki a buɗe kika yanke shi.

Ki je wurin shef ɗinki gobe ki ce an gano matsalar, mako guda kike nema. Aikinki amana ce, kuma kin iya shi. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba dillali lafiya, ya sa mijinki ya ji kunyar da ta dace.

Hajiya Balkisu