Dutsen da Ke Ɗauke da Sunanki

Ya Milunka, sanyin idona, zumar da ta zo mini bayan haƙora sun fara guduwa, inuwar da na samu bayan rana ta gama dukana,

Dobrivoje ne, mutumin da ya bar ki zaune a ofishin lauya mai hatimi ranar Litinin, da biro a hannunki, ya fice kamar an ce masa gidansa na ci da wuta. Na kira wayarki ba ki ɗauka ba. Na zo rumfarki a kasuwa, mai ƙwai ta kusa da ke ta ce kin tashi, alhali ina hango gyalenki a bayan tulin cuku. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na ɗauki takarda, ni da tun da na ajiye tuƙin bas ban rubuta abin da ya fi sunana tsawo ba.

Ki yarda da ni, ba maganar gida ce ta tayar da ni ba. Ranar da ɗanki Predrag ya zaunar da ni, yana ta juya kofin gahawa yana kallon ƙasa, ya ce yana so a yi yarjejeniya kafin aure, gidan babansa da gonar tuffa su tsaya da sunanki, ai dariya na yi. Na ce masa, "Yaro, kawo in sa hannu, har kajin ma a rubuta." Me zan yi da gona a wannan shekarun? Ke nake so. Ke da muryarki mai tashin unguwa in kina ciniki, ke da tafin hannunki mai ɗumi kamar burodin da aka fitar yanzu, ke da ƙanshin gasasshen tattasai da ke bin ki har cikin coci.

Kin tuna kakar bara, da kika kira ni in taya ki gashin tattasai a bayan gida? Hayaƙi ya cika mana ido, na ƙone yatsa, ina ta ba ki labarin tayoyi da birki don na rasa abin faɗa. Shekara nawa ina ɗaukar ki da robobin cukunki zuwa kasuwar Valjevo, ina satar kallonki ta madubi, kina matar wani, bakina a ɗinke? Ranar gashin nan kika goge mini baƙin gawayi a hanci da gefen gyalenki, kika ce, "Dobri, kai dai ba za ka taɓa tambaya ba, ko? To, na amince." Ni da ban taɓa aure ba! Sai da na zauna a kan buhun tattasai.

Da wannan farin cikin na shiga ofishin nan. Yarinyar mai hatimi, wadda ba ta kai Predrag shekaru ba, ta karanta mana takardar daga farko har ƙarshe kamar yadda aikinta ya tilasta mata. Abin da ke naki naki ne, abin da ke nawa nawa ne, yau da gobe. Ni ko a jikina. Daɗi ma nake ji, don karo na farko ke nan da na ji an kira sunana da naki a jere a gaban hukuma. Sai ta ɗago kai ta tambaya ko akwai mai ƙarin magana.

Kika gyara zama kika ce, "'Yata, ƙara layi ɗaya. In na mutu a kwantar da ni kusa da marigayi mijina Tihomir. Sunana na kan dutsen kabarinsa."

Ta ce, "Inna, wannan takardar ta dukiya ce. Kabari ba ya shiga ciki."

Ni kuma na ji bakina ya ce, "To ni fa, ina za a sa ni?"

Kika dube ni, ta dubi takarda, na ajiye biro na fita.

Tun daga ranar kaina bai zauna daidai ba, ya farin watana. Ai na san dutsen. Wane ne bai san shi ba? Rabin matan da mazansu suka rasu a garin nan sunansu na kan dutse suna raye, da hotonsu da shekarar haihuwa, an bar gurbin shekarar rasuwa. Ni da kaina na raka ki ranar tunawa da matattu, na riƙe miki kwanon dafaffiyar alkama kina kunna kyandir. Na ga sunanki da idona, amma ban taɓa haɗa shi da ni ba. Yanzu nake ta tambayar kaina, shin aure zan yi ko aro za a ba ni? In mace ta ce tana son ka, sannan ta nemi a buga hatimi cewa ƙarshenta na wani ne, me ake kiran wannan? Kuma ya ake kishi da mutumin da ya daɗe da zama ƙasa, mutumin da duk kaka yakan ajiye mini jakar tuffa a gefen sitiyari? Na gwada jin haushinsa, abin ya ƙi. Na gwada jin haushinki, sai na tarar ina kewarki. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, ga kuma fushin yana nan daram a ƙirjina.

Jiya da hantsi na tafi maƙabarta. Na sami mai gadi yana share ganye, na tambaye shi ko akwai wuri a layinku, ko da a tsallaken hanya ne. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kawu, da ƙafarka ka zo neman ɗaki? Wannan layin ya cika tun ina goye. Sai sabon ɓangare, can kan tudu, in kana da numfashin hawa." Ya ƙara da cewa ango bai kamata ya yi gaggawa haka ba. Ashe har shi ya ji labari.

Na je na tsaya gaban dutsen. Tihomir da gashin bakinsa, ke kuma a gefensa da hoton da aka ɗauka kafin furfura. Sai wani tunani ya faɗo mini wanda ya fi na farko nauyi: in kika riga ni, ni ne mijin. Ni za a tambaya ina za a kai ki. Ni zan kira mai sassaƙa ya cike gurbin nan. Ko wannan ne ya sa kika so a rubuta, don kina tsoron ranar nan zan ƙi? Ko don ki ɗauke mini nauyin zaɓi ne? Ko Predrag kike lallashi? Ban sani ba, Milunka. Na juya shi ta kowane gefe, kowane gefe ya yi kama da ke.

Daga can na wuce wurin mai hatimi na ba ta haƙuri. Ta ce takardar na nan har Juma'a, amma dole mu zo mu biyu, babu mai sa wa wani hannu. Na roƙe ta ta faɗa mini ko na yi wauta. Ta ce, "Kawu Dobri, ni abin da za a raba kawai nake rubutawa. Sauran naku ne."

To ga nawa, tunda hatiminta ba ya kaiwa nan. Har yanzu ban gane ba, kuma wataƙila ba zan gane ba. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma na gwada kwanakin nan babu ke, na ga abin da suke. Ki zo ranar Juma'a, ya abin ƙaunata, ki zo ko da faɗa za ki yi mini a gaban yarinyar. Zan sa hannu a duk inda ta nuna.

In kika riga ni, ni zan kai ki wurin Tihomir da hannuna, in kwantar da ke inda kika ce, ba wanda zai ji na yi gardama. In kuma ni na riga ki, ban san inda zan kwana ba, na bar miki zaɓin. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki yarda su kai ni kan tudun nan. Na san gwiwarki. Ki nema mini wurin da za ki iya zuwa.

Naki, da takarda ko babu, muddin ina numfashi da bayan haka,

Dobrivoje